Fuska Dubu Biyu a Yini

A asibitin da ta yi shekara ashirin da shida tana aiki, ba mai kiranta da sunanta. Ma'auni ake ce mata. Wata nas mai bakin tsiya ce ta laƙaba mata shi, wai kafin a sa wa majinyaci ma'aunin zafi a hammata ita ta riga ta san abin da zai nuna, sunan kuwa ya bi ta har gida. Ita ba likita ba, ba nas ba. Aikinta canza zanen gado, kwashe fo, tura majinyata a keke zuwa ɗakin hoto, da goge duk abin da ya zube a ƙasa, kowane iri ne. A takardar ɗaukarta aiki an rubuta ma'aikaciyar ɗaki, mataki na biyu, kuma a matakin nan na biyu ta yi furfura.

Idon dai ba a asibiti ta samo shi ba, daga shagon ubanta ta zo da abinta. Ƙusoshi da noti mutumin yake sayarwa a wani lungu bayan tashar mota. Bango guda na shagon aljihuna ne ƙanana na katako, sun haura ɗari biyu, ba ko ɗaya da aka yi rubutu a jikinsa. Bai jera su bisa tsayi ko kauri ba, yadda kowa zai yi. Bisa masu saye ya jera su. Nan ɓangaren kafintoci, can na masu gyaran famfo, ƙasa-ƙasa kuma na magidancin da murfin kabad ya ɓalle masa, ya taho da tsohon noti a tafin hannu yana muzurai. Tun tana 'yar shekara tara take tsayawa a shagon in an tashi daga makaranta, abin da uban ya koya mata kuwa ɗaya ne: ta dubi mutum tun daga bakin ƙofa, ta jawo aljihunsa kafin ya buɗe baki. Tana aji uku na sakandare ya rasu. 'Yan'uwansa suka sayar da shagon, wanda ya saya ya zazzage aljihunan duka a buhu ya sake jeri bisa lamba, ita kuma karatu ya tsaya a nan.

Da ta shiga asibiti sai ta ci gaba da abin da ta iya, sai dai yanzu aljihunan a kanta suke, fuskoki take zubawa a ciki. Murmushi kaɗai yana da aljihu fiye da goma. Akwai na wanda aka ce gobe za a sallame shi. Akwai na uban da 'ya'ya suka zagaye gadonsa, yana yi don kada hankalinsu ya tashi, hannunsa ɗaya kuwa ya damƙe ƙarfen gado ta ƙarƙashin bargo. Akwai na mai jin fitsari da kunya ta hana shi faɗa saboda surukarsa na zaune. Ba ta taɓa sa wa ko ɗaya suna ba, da gado take tuna su. In ta ce a ranta "irin ta gado na tara", ta san wace fuska take nufi: ta wani direba ce da ya kwanta a gado na tara shekaru da yawa baya, kuma duk wanda ya zo da irinta bayan shi can take ajiye shi, ko da a gado na biyu aka kwantar da shi. Da za ka ce ta bayyana maka tsarin, da kun wuni a tsaye ba ka fahimci komai ba.

Sabbin nas-nas kan raina ta wata ɗaya ko biyu kafin su shiga taitayinsu. Babbar Sista, wadda ta riƙe ɗakin maza shekara goma sha bakwai, ba ta taɓa raina ta ba. Wata Lahadi, lokacin ziyara, Ma'auni ta ajiye bokiti ta je bakin tebur ta ce mutumin gado na huɗu ba daidai yake ba. Sista ta leƙa, ta ga mutum zaune yana ba abokansa labari suna ta ƙyaƙyata dariya, takardarsa kuma ba ta nuna komai ba. Duk da haka ta ɗaga waya ta kira likita, Ma'auni ta koma ga bokitinta. Kafin yamma an shiga da shi tiyata, ashe jini ne ke zuba masa ta ciki. Likitan da ya yi aikin aka yaba wa a taron mako, kuma ya cancanta.

Mijinta mai gyaran fanka ne da dutsen guga, shagonsa ɗakin gaba na gidan da suke haya, mai ƙofa ta titi. Mutum ne mai raha, irin wanda ko da faɗa ka zo masa sai ka tafi kana dariya, ka bar masa fankar kuma. Likita yake ce mata. 'Ya'yansu uku, mazan biyu sun tafi neman na kansu a wasu garuruwa, macen tana aure a unguwar gaba. Zamansu ba shi da wani labari da za a bayar, wanda a sha'anin aure ba ƙaramin yabo ba ne.

Tana da shekara hamsin da uku asibitin ya miƙa aikin ɗakuna ga wani ɗan kwangila, shi kuma ya zo da nasa mutanen, matasa masu riga iri ɗaya. Aka yi wa tsofaffin ma'aikata taron sallama, da lemo da jawabi, aka ba kowa agogon bango. Ta yi wata takwas a gida. Ta wanke labulayen da ba su yi datti ba, ta sake jera kwanuka, da abin yi ya ƙare sai ta koma kan mutumin da ke kusa.

"Baban yara, jiya ba ka yi barci sosai ba."

"Likita, ki bari in sha shayina tukuna, sai a fara duba marasa lafiya."

Fanka kuwa mutane sun koyi jefar da ita su sayi sabuwa, shagon ba ya iya ɗaukar gida shi kaɗai. Ta je asibitoci masu zaman kansu har biyar. Kowanne ya dubi furfurarta ya karɓi lambar waya, ya ce za a kira ta.

'Yarta ce ta jiyo labarin wani kamfani da ke ɗaukar mutane ba ruwansa da shekaru ko takardar makaranta, in dai kana iya karatu kuma yatsunka na motsi. A hawa na uku na wani bene yake, saman shagon katifa. Ɗaki ɗaya ne dogo, tebur arba'in, kwamfuta arba'in, da na'urar sanyaya ɗaki da ke sa mutum ya zo da rigar sanyi ana tsakiyar zafi. Waya a akwati ake ajiye ta a bakin ƙofa. Aikin shi ne hoto ya fito a allo, fuskar mutum daga wuya zuwa sama, an daidaita ta a tsakiya. A ƙasa akwai kalmomi shida, kowace da lambarta: ɗaya farin ciki, biyu baƙin ciki, uku fushi, huɗu tsoro, biyar mamaki, shida ba komai. Ka danna lamba, hoton ya tafi da laƙabinsa, wani ya fito. Dubu biyu a yini. Su wane ne mutanen, daga ina aka kwaso su, ba wanda ya sani a ɗakin. An dai ce wani kamfani ne can nesa ke koya wa na'ura karanta fuska, ita kuwa na'urar ba ta koyo sai an nuna mata misalai tuli, kowanne da laƙabinsa a jiki.

Da aka gama yi mata bayani ta kusa yin dariya. Shekara ashirin da shida tana wannan aikin a tsaye da tsumma a hannu ba wanda ya sa ta, yau ga shi an ba ta kujera mai juyawa.

Abin da ba ta ɗauka da muhimmanci ba shi ne yadda ake auna ma'aikaci. Kowane hoto mutum biyar ake tura wa, ba wanda ya san sauran huɗun. Abin da masu rinjaye suka danna, shi ne daidai. Makinka kuwa shi ne sau nawa a cikin ɗari ka faɗa inda suka faɗa. Wanda bai kai tamanin da biyar ba a ƙarshen wata na biyu, sai ya tashi ya ba wani kujera.

A ƙarshen wata na farko ta sami sittin da ɗaya, kuma ko rana ɗaya ba ta cika dubu biyun ba.

Mai duba aiki wata yarinya ce sa'ar 'yarta, mai gilashi, ba ta da mugunta ko kaɗan, abin da ya fi ba Ma'auni haushi ke nan, don ba ta bar mata wanda za ta yi fushi da shi ba. Ta kira ta ƙaramin ofishinta, ta jawo mata kujera da kanta, ta juyo da allo.

"Mama, mu duba wasu tare. Kin tuna wannan?"

Wani dattijo ne, furanni a bayansa, haƙora a waje.

"Mutum huɗu sun ce farin ciki. Ke kin ce tsoro."

"Ranki ya daɗe, dubi wuyansa. Kin ga jijiyar nan? Kuma ba mai hoton yake kallo ba, wani yake kallo a bayan mai hoton."

"Amma yana murmushi."

"Yana yi."

Yarinyar ta wuce zuwa na gaba, wata mata mai ɗankunne ɗaya a bayyane, fuskarta shiru.

"Wannan minti uku kika yi a kanta, sannan kika danna biyu. Sauran duk lamba shida suka danna."

"Don na rasa inda zan sa ta ne. Ba baƙin ciki ba ne ma. Ciwo ne, a nan, ƙasan haƙarƙari. Numfashi ta riƙe har a gama ɗauka. Ba ku da maɓallin ciwo?"

"Shida ne kawai, Mama."

"To ai mutum ya fi shida."

Mai duba aikin ta cire gilashi ta murza ido. "Mai yiwuwa ke ce da gaskiya. Ni ma da kika nuna min na fara gani. Amma ba ni da hanyar sani. Ba zan iya kiran dattijon nan in tambaye shi ba. Mutum biyar ne abin da nake da shi, huɗu kuma bakinsu ɗaya."

Ta yi alkawarin za ta rubuta wa na sama a kan maɓallin ciwo, kuma ta cika. Bayan kwana tara amsa ta zo, layi biyu: jerin kalmomin na kamfanin da ya ba da aikin ne, ba a ƙari ba a ragi. Saura sati uku wata ya ƙare. Ma'auni ta tsorata, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka ba ta agogon bango, don a ranar ba ta san abin da zaman gida yake ba tukuna.

Maƙwabcinta na tebur tsohon malamin lissafi ne, makarantar da yake koyarwa ta rufe. Makinsa casa'in da shida, ƙarfe uku yake gama nasa dubu biyun ya buɗe jarida. Ranar da amsar ta zo ya same ta a matakalar bene lokacin hutu, ta buɗe abincinta ba ta ci ba.

"Yaya, na ga gaisawa kike yi da su."

"Da su wa, Malam?"

"Mutanen allo. Kowa ya fito sai kin tambaye shi gida da iyali. Kafin ki sallami mutum ɗaya ni na sallami goma."

"To ba kallonsu aka ce mu yi ba?"

"Nan ne kuskurenki. Kin ɗauka hoton ake tambayarki. Ba shi ba ne. Mutum huɗun nan da ba ki gani, su ake tambayarki. Yanzu haka ɗaya na jin yunwa, ɗaya na tunanin budurwarsa, biyu na kallon agogo. Me mai kallon agogo zai gani a daƙiƙa biyu? Shi za ki danna."

"Ko da ƙarya ne?"

"Ba ƙarya ba ne, matsakaici ne. Lissafi na koyar, na san bambancin."

Washegari ya zo mata da kwalin biskit da ya farke ya shimfiɗa daidai girman allo. Ya yanka masa taga biyu da reza, siririya a sama inda gira ke faɗawa, mai ɗan faɗi a ƙasa daidai baki. Tunda duk hotunan a tsakiya aka daidaita su, in ka rataya kwalin a allo abin da za ka gani ke nan, ba wuya, ba kumatu, ba ƙwayar ido. Ya karanta mata dokar yana ƙirgawa da yatsa kamar yana gaban aji. Baki ya yi sama, ɗaya. Ya yi ƙasa, biyu. Gira ta haɗe, uku. An ja leɓe baya, huɗu. Gira sama baki a buɗe, biyar. In kin yi shakka, shida, don duk mai shakka can yake gudu.

Ta ji kunya ranar da ta rataya shi, kunya mai nauyi, ita da likitoci kan ja gefe su tambaye ta a ɓoye. Kwana ukun farko ta riƙa ɗaga gefen kwalin tana leƙawa, duk wanda ta leƙa kuma sai ta tsaya a kansa, sai ta danna abin da ta gani, sai makin ya faɗi. Ranar Alhamis ta nemi salatif ta liƙe gefen. A ƙarshen satin ta sami saba'in da takwas. Na biyu, tamanin da huɗu. Ranar ƙarshen wata mai duba aiki ta fito da kanta har teburinta da takarda a hannu, tamanin da takwas, ta rungume ta a gaban mutane. Malamin lissafi bai ɗago daga jarida ba, ya dai ce a tuna da shi in an ga biskit.

Bayan wata guda ta cire kwalin ta sa a aljihun tebur. Ba ta buƙatarsa kuma, idon ya koyi yanka tagoginsa da kansa.

A nan mutum zai so a ce ta yi baƙin ciki. Ba ta yi ba, hutu ta samu. Tun tana 'yar shekara tara ba ta taɓa shiga motar haya ta zauna kawai ba, sai ta sauka da damuwar mutum goma a ka: wancan bai ci abinci ba, waccan an doke ta, yaron can zazzaɓi ne ke tafe masa uwarsa ba ta sani ba. Ba wanda ya roƙe ta, kuma mafi yawansu ba abin da za ta iya yi musu. Yanzu in ta shiga mota da yamma sai ta ji yatsanta na motsi a kan jaka, shida, shida, ɗaya, uku, shida, kafin a kai kwanar farko ta gama da motar kaf, ta juya tana kallon titi. Ta fara barci mai nauyi. Ta yi kumatu. Maƙwabta suka ce aikin ofis ya karɓe ta, kuma ba su yi ƙarya ba.

Shi ma mai fanka ya sami hutu, ba mai tambayarsa barcin jiya. Kullum in ta dawo yana bakin shago ya tarye ta da tambaya ɗaya.

"Likita, yau mutum nawa aka duba?"

"Dubu biyu da ɗari uku."

"Allah ya ba su lafiya."

Sai ta yi dariya ta shige ciki.

A wata na bakwai makinta ya kai casa'in da bakwai, ta wuce malamin lissafi, wanda ya ce ba komai, haka ɗalibai suke yi. Aka rubuta sunanta na gaskiya a farin allon da ke bakin ƙofa, karo na farko a rayuwarta da aka rubuta shi a bango. Da aka ɗauki sabbin mutum takwas ita aka ba su ta koya musu. Ta karɓo kwalaye daga shagon katifa ta yanka guda takwas da hannunta. A cikinsu akwai wata mata da ta yi renon yara shekara ashirin, wadda ta nace cewa wani yaro a allo ba fushi yake ba, yunwa ce. Ma'auni ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce mata cikin sauƙi, ba faɗa, ta liƙe gefen kwalin da salatif, za ta gode mata daga baya.

Wata Asabar da rana Babbar Sista ta zo. Ita ma ta yi ritaya, gwiwa ta fara ba ta wahala, ta zo da wata tsohuwar fankar tebur a leda, ta ce ba ta yarda da kowa a kanta ba sai mijin Ma'auni. Aka zauna a falo. Mai fanka ya shigo ya gaishe ta, ya karɓi ledar ya leƙa.

"Sista, wannan ai ta girme mu duka. Gyara za a yi mata ko addu'a?"

"Ka yi duka biyun, ba na son surutu."

Ya yi dariya, suka yi dariya, ya ɗauki fankar ya fita zuwa shago. Sista ta bi shi da ido har ya wuce labule. Sannan ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Mijinki. Wane asibiti kuke zuwa?"

"Lafiyarsa lau, Sista. Ba ki ji shi ba yanzu?"

Sista ta dube ta ne kawai, irin kallon da take yi wa sabuwar nas da ta kawo mata takarda ba ta dubi gado ba.

Ma'auni ta tashi ta je ƙofar da ke tsakanin falo da shago ta ɗaga labule. Yana zaune a bencinsa ya ba ta gefe, yana buɗe bayan fankar. Abin da ta fara gani baki ne, ya ɗan yi sama, ragowar dariyar ɗazu, har yatsanta ya motsa a jikin labulen. Ta tilasta wa idonta ya sauka. Abin ya yi mata wuya, kamar jawo aljihun da damina ta kumbura. Ba a miƙe yake zaune ba, ya karkata hagu ya bar wa dama wuri. Da hannun hagu yake danna sukudireba, shi da ba bahago ba. Kwalar rigarsa ta yi masa yawa. An huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, har biyu. Da ya juyo jin motsinta hasken titi ya faɗa a idonsa, farin ya koma ruwan ɗorawa. Ta san fuskar sarai. Gado na goma sha ɗaya, wani mai ɗinkin takalmi, da mutum shida ko bakwai a bayansa. Ta san kuma ta wace ƙofa yawancinsu suka bar ɗakin.

"Baban yara, tun yaushe cikin nan yake maka ciwo?"

Bai yi musu ba. Ya ajiye sukudireban a hankali, ya goge hannu da tsumma.

"Ya ɗan kwana biyu."

"Kwana biyu nawa?"

"Tun wajen lokacin da aka tabbatar miki da aikin. Wata biyar, ko shida."

"Ka kuwa yi shiru?"

"To ai kullum kina kallona." Ya faɗa ba tare da zargi ba, har da ɗan murmushi. "In kin dawo sai in tsaya bakin ƙofa inda haske yake, don ki gani da kyau. Sai ki dube ni, ki yi dariya, ki wuce. Sai in ce tunda Likita ta duba ba ta ce komai ba, ba wani abu ba ne. Shekara talatin ko mura ce ke tafe ke kike fara gaya min."

Daga falo Sista ta riga ta ciro waya tana neman lambar wani likita da ta sani.

Ranar Litinin da safe ta kira mai duba aiki ta nemi izini, yarinyar ta ce ba komai, Mama, ta ɗauki kwana uku, kujerarta na nan. Suka je tsohon asibitinta. Wani matashi mai riga irin ta ɗan kwangila ne ya tura shi a keke zuwa ɗakin hoto, ita tana biye da takalmansa a hannu. Ba wanda ya gane ta a hanyar. Likitan sabo ne, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce a bar majinyacin ya huta a waje, yana son magana da iyalinsa. Ya yi mata bayani a tsanake, da kalmomi masu sauƙi, irin yadda ake yi wa wanda bai san asibiti ba. Ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma da wata huɗu baya aka kawo shi, da maganar da za su yi daban ce. Ya jawo takarda ya buɗe biro.

"Mama, ke da kike tare da shi, yaushe kika fara lura?"

"Ranar Asabar."

Ya ɗago ya dube ta, yana jiran ta faɗi wace Asabar ɗin. Da ya ga ba ta ƙara komai ba, sai ya sunkuya ya rubuta.